Tsatsar da Inna ta wanke

Daren Laraba, Agiye

Barci ya ƙi zuwa. Tun azahar nake kan 'yar tankar yaƙin da na haɗa. Da koren fentin ya bushe, na kwaɓa jar ƙasa na yi mata tsatsa, na goga mata baƙin tukunya kamar ta sha wuta. Ina dawowa daga isha'i na iske Inna ta wanke ta fes da sabulu.

Na fara faɗa, sai ta ce, "Ƙanenka Sani cikin irin wagga yake kwana a bakin daga, kai kuma kana ƙona ta?"

Tun ƙaramar sallah Sani bai kira ba. Yanzu ma na gwada lambarsa, a kashe take. Bari tankar ta zauna sabuwa har ya dawo.