Wanda Mama Ke Kira Telo

Santiago, watan Satumba

Zuwa ga yayana Bienvenido,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fermina da yara da jikoki, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan nan kafin sanyin ƙasarku ya shigo. Mu nan muna yadda ka bar mu, sai dai tsufa da ya ƙaru. Ƙanwarmu Ondina na nan a ƙauye tana fama da Mama safe da yamma, ta rame amma bakinta bai rame ba. Miguelina 'yata ta sauka lafiya, namiji, sun sa masa wani suna irin na yanzu wanda har yau ban iya furta shi daidai ba. Mama tana cin abinci, tana barci, jikinta ya fi nawa ƙwari. Gwiwata ta hagu kuwa ita ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin rediyo ya faɗa.

Na ga saƙonka, kuma tambaya biyu ka yi. Ka ce ka kalli bidiyon ƙungiyarmu a bikin waliyyi San Roque na garinmu, ka ga wani yaro yana tsalle da jitar bas ɗin nan mai kaurin sauti, mai launin zuma, da ka aiko mini shekaru talatin da suka wuce, ni kuma ba ka gan ni ba. Ka tambaya ko sayar da ita na yi. Sannan ka ce takardun tafiyata sun fito, ɗaki na jirana a saman kantinka, yaushe zan taso. Na zaɓi in amsa da biro ne saboda a waya kana katse ni, kuma wannan magana ba ta son katsewa.

Ban sayar ba, Yaya. Kuma duk bas ɗin da ka ji a bidiyon nan hannuna ne. Abin ya fara ne shekara biyu da suka wuce, ranar da aka gayyace mu gidan talabijin a babban birni. Radhamés, shugaban ƙungiya, wanda ya riƙe mini Miguelina a wurin baftisma har muke kiran juna compadre, ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata. Ya ce wai in yi haƙuri, kyamara ba ta da kunne, ido kawai gare ta, kuma ido ba ya son tumbi da furfura. Wai a kiɗan merengue na yanzu duk wanda ke sahun gaba sai ya yi rawa taku ɗaya da mawaƙa, ni kuma in na juya hagu da sauri sai an kira motar asibiti. Wai na yau ne kawai. Ya kawo Yeuri, ɗan ƙanwar matarsa, mai koya wa baƙi rawa a wani otal na bakin teku, wanda bai san tsirkiya ta ɗaya daga ta huɗu ba. Aka rataya masa jitata, don wai ita mutane suka sani a hotunanmu. Ni kuma aka miƙo mini wata baƙa mai lanƙwasasshen wuya, aka nuna mini bayan labule. Wannan "yau kawai" ɗin har yanzu rana ba ta faɗi a kansa ba.

Bari in gaya maka wurin aikina, tunda ba ya fitowa a bidiyo. Akwatin wayoyi nake zama a kai, bayan tulin lasifika, baƙin labule a gabana, janareta a bayana yana hura mini hayaƙi a wuya. Abin da nake gani a duniya shi ne ƙeyar Chepe mai ganga da gwiwar hannunsa ta dama. Daga wannan gwiwar nake ɗaukar lokaci. Baƙar jitar tana da tsirkiya ɗaya da ke zuzza kamar ƙuda a kwalba, sai na danne ta da ƙarfi, shi ya sa ɗan yatsana ya kumbura. Wayar da ke jikin tawa, wadda Yeuri ke riƙe da ita, doguwa ce mai kyau, ja, amma ƙarshenta a ɗaure yake da ƙafar wani tebur. Ni da na yi shekaru a makarantar kiɗa, nake karanta rubutun kiɗa kamar jarida, malamaina suna cewa zan kai Turai, babban aikin da na yi da wannan ilimi shi ne koya wa yaro inda zai riƙa ajiye yatsu don kada wani mai ido ya gane. Kan ɗamararsa ya gama kankare bayan jitar. Kullum in an tashi ina goge ta in mayar da ita jaka, kamar mai karɓar matarsa daga gidan rawa.

Kuma ba wanda ya gane. Wannan ne ya fi ci mini rai, ba Radhamés ba. Ka tuna na sha gaya maka mutane ba sa jin bas da kunne, da ƙugu suke jin sa. Ashe ban san iyakar gaskiyar da na faɗa ba. Mun yi bikin aure, mun yi taron siyasa, mun yi otal inda baƙi ke tafi a wurin da ba na tafi ba. Mata na jefa wa Yeuri furanni. A garin Moca wani dattijo da muka san juna tun muna samari ya tare ni ina naɗe waya, ya ce wai Telo, ka ji hannun yaron nan kuwa, ko kai a zamaninka ba ka kai haka ba. Na ce masa gaskiya ne. 'Yan ƙungiya kuma sun sa mini suna Ruhu Mai Tsarki, wai ana jin aikina ba a ganina. Chepe in ya so tsokana sai ya waiwayo ya ce maestro, babban malamin kiɗa, ka gyara kwalar rigarka, akwatin wayoyi na kallonka.

Don haka lokacin da ka ce in zo, na amsa da zuciya ɗaya. Tun rasuwar matata Celeste ba abin da ya ɗaure ni a Santiago. Mama kuwa, ka sani, tun Kirsimetin bara ba ta sake gane ni ba. In na shiga sai ta ce bawan Allah, kai ne mai gyaran wuta? Ta sa Ondina ta ba ni kofi ta sallame ni. Na ce to, mai gyaran wuta zai iya tafiya. Amma na ƙudura ba zan tafi shiru ba. Bikin San Roque na zaɓa, a filin garinmu, da rana tsaka, gaban duk wanda ya san ubanmu. Akwai tsohuwar waƙarmu da bas ke buɗewa shi kaɗai kafin ganga ta shigo, wadda na tsara a barandar gidanmu kana yi mini ihu in bar ka ka yi barci. Na shirya in an zo wurin in ɗage hannuna. Yaro ya yi ta murza tsirkiya yana karkaɗa ƙugu cikin shiru, gari ya gani, sannan in ɗaga labule in karɓi abina in sauka. Na yi ta maimaita abin a raina har ina murmushi ni kaɗai a cikin mota.

Ranar ta zo. Akwai wata 'yar yagewa a labulen da nake leƙe ta ciki. Ana gab da waƙar sai na hango Ondina tana turo keken Mama cikin jama'a, tana ture mutane da gwiwar hannu, har ta kawo ta gaban dandamali, ƙarƙashin inuwar lema. Ban san za a kawo ta ba. Mama na sanye da rigarta ta zuwa coci, kanta a sunkuye yadda ya saba. Da Yeuri ya juyo rana ta haska jitar, sai na ga ta ɗago. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga hannu ta kira sunana. Telo. Ta cikin duk ƙarar nan na ji, ko kuma bakinta na karanta, ban sani ba. Ta ja rigar Ondina tana nuna shi, tana dariya irin wadda rabona da gani tun Baba na da rai. Chepe ya ɗaga gwiwar hannunsa. Wurin shigata ke nan.

Na kaɗa, Yaya. Ban taɓa kaɗa ta da kyau kamar ranar ba, da wannan baƙar jita mai zuzza. Mama na buga hannun kujera da tafinta, daidai kan lokaci, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

Da aka tashi Ondina ta kamo Yeuri a bakin matakala, ta raɗa masa abin da ta raɗa, ina jin har da barazana. Ban raina yaron ba a nan. Ya durƙusa gaban keken, ya nemi albarka yadda muke nema, ya kira ta Mama. Ta shafa kansa ta ce Allah ya yi maka albarka, Telo ɗana. Ta ce ya rame, ba ya cin abinci, wai kuma wa ya ce ya huda kunne kamar ɗan iska. Ina tsaye a gefe da jakar jita a hannu. Ta dube ni ta ce bawan Allah, ka riƙe wa ɗana kayansa da kyau, yayansa ne ya aiko masa daga New York. Kai ma ta tuna da kai, ka gani. Na amsa mata da sunanta kamar baƙo, na ce to, Doña Inocencia, zan riƙe.

Tun daga ranar kullum sai ta tambayi yaushe Telo zai zo. In bai zo ba ba ta cin abinci. Yanzu duk Lahadin da ba mu da wasa ina goya Yeuri a babur mu tafi ƙauye. Shi ya zauna a baranda da jitar zuma kusa da ita, ni in shiga tsohon ɗakinmu da baƙar da ƙaramar lasifika, in tura ƙofa, in kaɗa ta taga. Ondina ta dafa farfesun sancocho, shi ake zuba wa nama, ni a miƙo mini nawa ta ƙofar baya. Sau ɗaya na makara wurin gyaran taya, shi ya riga ni a mota, ya kunna mata waƙar daga wayarsa, wadda wani ya kaɗa. Ta saurara kaɗan ta ce wannan ba hannunsa ba ne, ta fara kuka tana tambaya ko ba shi da lafiya. Shi kaɗai ba ya isa. Ni kaɗai ba na isa. Sai an haɗa mu biyu ake samun ɗanta.

Radhamés ya ji labari, ai ba a ɓoye komai a motar ƙungiya. Ya rungume ni har da ƙwalla, ya ce wai compadre, ka ga ikon Allah, ashe alheri na yi maka. Sannan ya ƙara da cewa Yeuri yaronsa ne, kuma yana ba da aron yaronsa ne ga 'yan ƙungiya kawai. A da in ya ɓata mini rai ina iya cewa zan tafi. Yanzu ya san ba ni da wannan kalmar, har ya daina kirana maestro.

Saboda haka amsar tambayarka ta biyu ita ce ba zan zo ba. Ka ba wani ɗakin. Na san takardun suna da wa'adi, na san wahalar da ka sha kafin su fito, kuma na san a shekaruna ba za a sake ba ni ba. Kada ka ɗauka na zama waliyyi. Akwai ranakun da nake zaune a ɗakin nan, kan gadon da muka kwana muna yara, ina kaɗawa ina jin dariyarta ta taga, sai in kama kaina ina tunanin likita ya ce zuciyarta lafiya lau, za ta iya kai ɗari. Sai in rasa ko godiya zan yi. Ban gaya wa Ondina wannan ba, kai ma ka bar shi a nan.

Abu ɗaya nake roƙonka. In ka yi magana da Mama ta ce maka Telo ya zo, yana da ƙuruciya, yana rawa kamar ba ƙashi a jikinsa, ka ce haka ne. Kada ka gyara mata. Na san halinka na son daidaita magana, wannan karon ka haɗiye.

Ka gaishe mini da Fermina, ka ce na gode da maganin shafawar, yana ɗan taimaka wa gwiwar. Ka gaishe da Amaury da matarsa, da Yocasta, da ƙananan duka, da kawu Nicanor in har yanzu yana gane mutane. Ondina ta ce in gaya maka takalman da ka aiko wa Mama sun yi mata yawa. Miguelina za ta turo hoton jariri. In za ka kira gida, ka kira Lahadi bayan cin abincin rana, lokacin ne take da magana. Za ka ji bas a bayan muryarta. Kada ka ce a ba ni waya, hannuwana biyu suna aiki.

Allah ya tsare ka, ya sa mu gana.

Ƙaninka,
Eleuterio (Telo)