Aron Ɗiyarki Nake Roƙo

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga Yayata Hanatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji Abdulƙadir da duk mutanen gidanku na nan Ibadan. Allah Ya ƙara wa Alhaji sauƙin ƙafar nan tasa, Ya buɗa masa kasuwa. Mu nan muna lafiya, sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya nuna, wanda ya samu damar zuwa gonarsa dai ya ga alheri. Makon jiya na leƙa Tsafe na duba Inna. Idon nata da sauƙi, faɗan kuwa yana nan yadda kika bar shi, har yanzu mita take an raba ta da 'Yandoto an ajiye ta gidan haya kamar kaya. Maijidda ta fara zama, haƙori biyu sun fito, duk abin da ta samu baki take kai shi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau nawa na kira ki cikin watan nan, in buɗe baki, sai in buge da zancen ruwan sama da tambayar ko daddawar da na aiko ta iso. Har kika ce muryata kamar ta mai mura. Ba mura ba ce, Yaya. Maganar ce ta fi ƙarfin bakina, shi ya sa na rubuta na ba direban motar shanun da ke sauka wajen Alhaji. Don Allah ki karanta ke kaɗai, ki kai ƙarshe kafin ki yi fushi da ni.

Maganar Nura ce. Kin san shi, kin san yadda Allah Ya yi shi. Shekararsa bakwai, kalmomin bakinsa ba su taka kara sun karya ba, ba ya duban idon mutum, in aka taɓa shi ba shiri sai ihu. Mun sha rubutu, mun sha hayaƙi, babu malamin da ba a nuna mana ƙofarsa ba. Likitar da ta duba shi a nan Gusau ta ce otizim ne, abin nan da ake ce wa galahanga a rediyo, ni dai ba na ƙaunar sunan. Ta ce ba iska ba ce, ba hauka ba ne, ƙarar da mu muke ji daidai shi tsakiyar kansa take sauka. Ta ce a sa shi makaranta cikin yara 'yan'uwansa, zai koya, sai dai a hankali. Wata maƙwabciya ta ce in kai shi ta kurame. Kurame fa! Yaron da in allurata ta faɗi a ɗaki yana tsakar gida sai ya waiwayo. Haka muka sa shi firamaren da ke bayan unguwarmu da aka koma karatu.

Na shirya shi iyakar iyawata. Kayan makarantar na wanke na sake wankewa har suka yi laushi, na farke wuyan rigar na sake ɗinkawa don ba ya yarda wani abu ya goge masa wuya. Kullum da la'asar sai mu bi hanyar makarantar, mu tsaya bakin ƙofa, mu juyo, don ƙafarsa ta saba. Abu ɗaya na manta, shi kuwa ya gama da ni: ƙararrawa. Wani tsohon ƙarfen tayar mota ne suka rataye a darbejiya, da guduma ake dukansa. Ranar farko ina tsaye bakin ƙofa da Maijidda a baya, ina hangen Nura a ƙarshen layi ya yi tsaf da shi, har na fara hamdala. Sai aka buga. Yaya, ban san yaron nan yana da gudu haka ba. Ya toshe kunnuwa, ya runtse ido, ya wuce ni kamar bai taɓa ganina ba, ya faɗa titi. Mai Keke Napep ya taka birki har fasinjojinsa suka sa salati. Wata mai awara ce ta rungume shi, ya gantsara mata cizo a hannu, baiwar Allah ko tsaki ba ta yi ba. Ni kuwa nan na zube a ƙasa da goyona.

Tun daga ranar kusan kullum sai an aiko kirana ko kiran Malam babansa. Na roƙa aka daina dukan ƙarfen aka koma busa usur, abin ya ƙara lalacewa, aka koma wa ƙarfen. Ajin nasu cike yake maƙil, in suka ɗauki karatu baki ɗaya ko ni da ke waje kaina sarawa yake. Shi sai ya shige ƙarƙashin teburin malama ya dunƙule. Yara har sun laƙaba masa suna, ba zan rubuta shi ba. Malamarsu, Malama Mansura, mutuniyar kirki ce, har marafan kwalba take tara masa don ta lura yana son jera su, to amma hannu biyu gare ta. Shugabar makarantar ta zaunar da ni ta yi mini magana a tsanake. Ta ce ba korarsa take yi ba, amma ƙofarta a bakin titi take, ba za ta ɗauki alhakin ran yaro ba. Ta ba mu zuwa hutun tsakiyar zango: ko a samu wanda yake jin maganarsa ya kasance kusa da shi lokacin ƙararrawa da fita tara da tashi, ko mu riƙe abinmu a gida. Na ce ni zan zauna. Na kuwa gwada. Maijidda na kuka a baya, shi yana kuka a gaba, yara suka bar allo suka juyo suna kallonmu. Shugabar da kanta ta ce in tashi in tafi.

Malam ya gaji, ban kuma ga laifinsa ba. Mutum yana tsakiyar kwance injin babur ɗin wani, a ce ya saki ya ruga makaranta. Ya ce in hutun ya zo babu canji, Rawayya zai kai shi wajen Hajiya, kakarsa ta wajen uba. Ita ta daɗe tana nema. Ta ce muna wahalar da yaro a banza, a ba ta shi ya zauna da awakinta, ai suna sonsa shi ma yana son su. Gaskiya ta faɗa, yana son su. Amma ke ba kya nan ranar da muka je yawon Babbar Sallah. Da hantsi wani ya shigo gari a guje yana cewa an hango babura sun nufo mu. Gari ya watse, mata da goyo, tsofaffi ana jan su. Na dinga ƙwala wa Nura kira har muryata ta dushe. A bayan garke na same shi yana jera tsakuwa, ko kai bai ɗaga ba. Na ja shi, ya ƙanƙame turke yana ihu, na rasa yadda zan yi da shi. Ashe 'yan rakiyar amarya ne. Kowa ya dawo yana dariya, ni ban yi ba. Kin ji yadda ɗana yake: inda ya kamata ya tsaya gudu yake, inda ya kamata ya gudu zama yake. Ranar dai Allah Ya rufa asiri. Ranar da abin ya zama gaskiya fa, Hajiya da sandarta ce za ta ɗauke shi? In aka kai Nura Rawayya, ni na san ban ƙara barci ba.

To, na zo inda nake ta kewayewa. Dogon hutun nan da kika turo mana ɗiyarki, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ita ba ta taɓa kama hannunsa ba. Bakin hijabinta take miƙa masa, ta yi gaba ko waiwaye babu, shi yana biye. Tana tafe tana faɗa masa abin da zai faru kafin ya faru, cewa ga babur nan zai wuce da ƙara, ga injin markaɗe za a tayar, ga ladan zai kira salla, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kanta. Sai ki ga ya ɗage kafaɗu ya jira ƙarar, ta wuce, ya sauke. Har kasuwa ta shiga da shi. Har aski ya zauna aka yi masa, abin da a da sai mutum uku sun danne shi. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta yi dariya ta ce babu kowa, ita ma tana ƙarama tsoron kasuwar Ibadan take, haka Ummanta ta dinga yi mata. Kin ji, Yaya, aikin hannunki ne.

Kar ki ce ban gwada ba. Ni tsoro ya riga ya ɓata mini hannu. Da na ji babur sai in cafke shi, shi kuma cafka ce abin da ya fi ƙi a duniya. Muryata rawa take, yana kuma ji. Ɗiyarki ta manta hijabinta mai ruwan toka a kan igiya, na sa shi na miƙa masa bakin. Ya karɓa ya sunsuna, ya ɗago ya dube ni, shi da ba ya duban kowa, ya saki. Da na cire sai ya ninke shi ya kai bakin zaure ya ajiye, duk inda na ɗauke na kai nan yake mayar da shi. Shekaranjiya Malama Mansura ta tsare ni, ta ce in ya shiga ƙarƙashin tebur suna ɗaya yake ta maimaitawa har a tashi. Ta faɗi sunan, ta tambaye ni wace ce. Na ce ɗiyar yayata ce. Na dawo gida na shige ɗaki na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar Baba.

Na san girman abin da nake shirin yi. Ranar da aka yaye ta, a tsakar gidanmu na 'Yandoto, ke kika sunkuya Inna ta ɗora miki ita a baya, ta ce taki ce har ɗakin mijinta. Ni ina ɗaki, ko leƙowa ban yi ba, kamar yadda ya kamata. Tun daga ranar ban taɓa tambayar me ta ci ko me ta sa ba. Ke kika yi jinyar ƙyandarta, ke kika kai ta makaranta, ke kika yi mata walimar sauka. Umma take ce miki, ni Anti, kuma haka ya dace. A danginmu ba a taɓa jin wadda ta ba da riƙo ta dawo tana miƙa hannu ba. Na san abin da baki zai ɗauka: don Allah bai ba Hanatu haihuwa ba, an ba ta an ƙwace. Wallahi da in ji an faɗi haka gara ƙasa ta tsage in shige. Inna ba ta san da wannan takarda ba, Malam ma bai sani ba.

Amma ga ni na miƙo hannun, don na duba gabas da yamma ban ga kowa ba sai ke. Ba mayarwa nake roƙo ba, aro nake roƙo. Ki ara mini ɗiyarki zango ɗaya, in ya yi tsawo biyu. Akwai ƙaramar sakandare a harabar makarantar, ko katanga babu tsakani, kuma an ce za a karɓe ta. Ba zaman aji za ta yi da shi ba. Ta raka shi da safe, ta zo kafin a buga ƙarfe ta faɗa masa za a buga, ta dawo da shi gida. Ni kuma in bi bayansu in koya, ko da za a yi mini dariya a unguwa.

Ba na ruɗin kaina. Makarantarta ta can ta fi wannan nesa ba kusa ba, ga ƙawayenta, ga hanyarmu da sai da addu'a ake bin ta. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ba ta yi wa kowa laifi ba da za a ɗora mata wannan kaya. Gidanki kuma zai yi shiru, na sani, ni ce zan jawo. Ina tauye ɗaya don in tsirar da ɗaya, ban san me zan ce wa Allah ba in Ya tambaye ni, kuma ko likitar ba ta yi mini alkawarin abin zai yi ba. Ki tambayi yarinyar, kar ki umarce ta. In ta ce a'a, shi ke nan. In ke ce kika ga ba za ki iya ba, ba sai kin faɗa ba, ki kira ni mu yi zancen ruwan sama, zan gane, kuma wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba. Sai dai don girman Allah kar ki daɗe. Hutun ya matso, Hajiya har ta aiko a faɗa mana ta saya masa sabuwar tabarma.

Ki gaishe mini da Alhaji, ki ba shi haƙuri, na san shi ma uba ne a wannan magana. Ki gaida Goggo Huseina da jikin tsufa, da Abdulrahman da amaryarsa. Inna tana gaishe ki, ta ce kin yi wuyar gani. Kawu Yari ma ya ce a miƙa gaisuwarsa.

Saura mutum ɗaya. Kin san ɗiyar fari, tun da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa kama shi ba, a gabanki ko a bayanki, ko a takardar nan kin ga yadda nake ta kauce masa. Amma yanzu safe da yamma ana kiransa a gidana, daga bakin yaron da ko Umma bai taɓa ce mini ba. Jiya na zauna kusa da shi a bakin zaure yana ta kira, sai ji na yi ni ma ina taya shi.

Ki gaishe mini da Husna. Ki ce mata hijabinta yana nan a ninke, inda ƙanenta ya ajiye shi.

Wassalam. Ƙanwarki mai jiran abin da kika yanke,
Bara'atu