Matata Ta Kulle Sarƙar Kekena a Akwati

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, tura ta kai bango. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. 'Yata ce take karanta mana filinki, kuma na san za ta gane ni tun daga layin farko. To, ta gane.

Ni kafinta ne, shekaruna sun doshi sittin. Gidana yana gangare, shagona yana kan tudu, kuma tun ina saurayi da keke nake hawan tudun nan, ban taɓa sauka na tura ba. Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ni. Alhamdu lillahi baki ya dawo, hannun hagu ma ya dawo ko da yake ba ya damƙa kamar da, ƙafar hagu ce dai har yanzu nake ɗan ja. Ba zan ci haƙƙin matata ba: ita ta yi ta juya ni a gado, ta yi mini wanka, ta ba ni abinci a baki. Ina kwance ta yi kyauta da tsohon kekena.

Tun da na koma aiki, mijin 'yata ne yake kai ni shago a motarsa. Yaron kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Amma in mun isa sai ya zagayo ya buɗe mini ƙofa, ya kama ƙafata da hannunsa ya sauke ta ƙasa, yana ta jera mini sannu, a gaban ma'aikatana da masu jiran kujerunsu. Wallahi kullum ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga shi saboda ni yake makara a wurin aikinsa, bai dai taɓa faɗa ba.

A wurin gashin ƙashi akwai wani keke da ba ya zuwa ko'ina, ana ɗora mu a kai. A nan na lura in ƙafar dama ta taka, feda da kanta take ɗago ta hagu. Na ba abokina mai gyaran keke labari, sai ya ce ai akwai irin wannan na kan titi: ana ɗaure ƙaramin farantin baya a jikin wili gam, ba canjin giya, ba hutun feda, muddin taya na juyawa feda na juyawa. Na ce shi ke nan, an zo wurin.

Na samo gangar wani tsohon keke wurin masu tsofaffin ƙarafa. Na goge tsatsar da samfefa, na shafe shi da ragowar shuɗin fentin wata ƙofa. Wili biyu na gwanjo ne, boris sabo, sirdin kuma ni na sake masa soso da fata. Birkin gaba kawai na sa, na baya ban samu ba tukuna, kuma ai irin wannan keken ƙafa ma birki ce. Sarƙa na saya sabuwa fil, don ba na wasa da sarƙa.

A kan haƙora muka saɓa da abokin nawa. Na sa farantin gaba mai haƙora arba'in da takwas, na baya mai sha shida, daidai da tsohon kekena. Shi kuwa ya nace in sa arba'in da biyu a gaba, ashirin a baya, wai feda za ta yi laushi. Na ce masa ni ba yaro ba ne da zan riƙa wutsil-wutsil da ƙafa kamar kaza na tono, masu tafiya a ƙasa suna wuce ni.

Ranar da na hau, a miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Iska ta bugi fuskata, sai ga hawaye, ba na jin kunyar faɗa. Da na kai tsakiyar tudu, daidai shagon mai kemis, fedar ƙafar hagu ta tsaya a sama. Na danna, ta ƙi. Sai ganina na yi a gefen kwata, keke a kaina. Gwiwa ce kawai ta ɗaye, mai kemis ya wanke ya sa magani. Kafin in isa gida labari ya riga ni.

Matata ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Washegari na tarar da keke ba sarƙa. Ashe ita da kanta ta je ta ɗauko abokin nawa ya cire mata, ki ji cin amana. Ta naɗe ta a tsumma, ta kulle a akwatinta, ta ce muddin tana numfashi ba zan sake hawa ba. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na san hanyar kasuwa, zan iya sayen wata sarƙar gobe. Amma shekara talatin da wani abu ban taɓa yin abu a bayan idonta ba, kuma ba na so in fara da tsufana. Sai dai ki sani, keken nan zan hau shi, kuma da ƙafata zan koma shagona. Yaya zan yi ta ba ni sarƙata ba tare da gidana ya watse ba? Na san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ki yi mini adalci.

Kafinta mai ƙafa ɗaya da rabi

*

Malam Kafinta, Allah ya ƙara sauƙi. Adalci ka nema, ga shi nan.

Kana da gaskiya a babban abu. Mutumin da ya tashi daga irin wannan ciwo, ya haɗa keke da hannunsa don ya daina zama kaya a motar wani, ya cancanci a yaba masa. Kulle sarƙa ba magani ba ne, kuma zama wuri ɗaya ba ya ƙara wa ƙafa ƙarfi. Da matarka ce ta rubuto, da haka zan gaya mata.

Amma kai ka rubuto. Na kai wasiƙarka wurin wani tsohon mai gyaran keke a unguwarmu. Ya ce abokinka ya gaya maka gaskiya a kan haƙora, ya kuma ce ka gode wa Allah a hawa ka faɗi. A gangara irin wannan keken shi yake juya ƙafar mai shi, in ta hagu ta zame feda ba za ta jira ta ba. Ka ce ƙafa ma birki ce. Wace ƙafar? Ga birki ɗaya tal, ga hannun da kai da bakinka ka ce ba ya damƙa. Ka auna keken nan da jikinka na da, Malam, alhali jikinka na yanzu ne zai hau. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Saboda haka kafin ka sake ɗora ƙafa a feda, ka koma wurin likitanka na gashin ƙashi, ka tafi da matarka, ka faɗi komai har faɗuwar. Shi zai ce ko lokaci ya yi, da kuma ko ɗaurarriyar feda ce ta dace da kai ko mai hutu. In ya ce ka dakata, ka dakata. In ya yarda, ka sa haƙoran da abokinka ya ce, ka sa birki gaba da baya, ka nemi hular kwano. Ka fara a fili mai laushi tana kallo. Ranar da za ka gwada tudun, inda ƙafa ta gaji ka sauka ka tura. Wanda ya tura kekensa har shago ai da ƙafarsa ya je. Surukinka kuma ka gaya masa a hankali ya bar ka ka riƙa sauke ƙafarka da kanka. Ina kyautata zaton bai san yana ɓata maka rai ba.

Saura ita. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: ciwo ne ya raba ka da tudun nan, amma da ita kake gaba. Ka lissafa mini haƙoran faranti ɗaya bayan ɗaya, amma ban ga inda ka ce ka tambaye ta me ta ji ba lokacin da aka zo aka ce mata mijinta yana kwance a bakin titi. Matar da ta taɓa ɗaga ka kamar jariri ba gwiwa ta tuna ba a wannan lokacin. Ta ɗauka ciwon ne ya dawo, kuma wannan karon ba ta kusa.

Kada ka sayi wata sarƙa, kada ma ka ambaci ta cikin akwati. Yau in an gama cin abinci ka zauna kusa da ita, ka yi mata wannan tambayar, sannan ka yi shiru har ta gama, ko da kuka za ta yi. Allah ya ƙara wa ƙafarka ƙarfi, ya kwantar mata da hankali, ya bar ku tare.