Wayata a Kashe Take, Yaya

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Wayata a kashe take. Na san saƙon nan ya iso gare ki, mai hotona da aka rubuta "macuciya" a ƙasa. Duk lambar da ke wayata masu bina bashi sun tura wa, har malamar su 'yata Shalele.

Gaskiyar magana, an rufe asibitin da nake aiki tun kafin damina. Likitan ya sayar da ginin, aka ce mu jira albashinmu, har yau jira muke. Na ƙi gaya miki don kina fama da naki. Ga haya, ga kuɗin makaranta, ga sauran bashin jinyar marigayi baban Shalele. Sai na ci bashin masu ba da rance ta waya. Da lokacin biya ya yi na ci na wasu na toshe, na sake cin na wasu. Yanzu ni kaina ban san bakin zaren ba.

Ba na iya zama wuri ɗaya. In share ɗaki, in sake sharewa. Ko akuya ta goga jiki da ƙofa sai gabana ya faɗi. Hanyar mai shago na daina bi saboda bashin da yake bina, sai in zagaya ta bayan makera, duk da kwatar da ke wurin. Jiya mai kemis ya hango ni ya ɗaga hannu, ni da girmana na shige shagon aski, maza suka bi ni da ido.

Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso. Na gode, amma direba ya ce keken ɗinkinki kika sayar. Haba Yaya! Da me za ki ci abinci? Na yi kuka har Shalele ta taya ni ba ta san dalili ba.

Ita ma ta daina zuwa makaranta. 'Yan ajinsu suna tsokanarta da hoton. Da safe sai ta ce cikinta na ciwo, in taɓa in ji lafiya ƙalau, amma ba ni da bakin tilasta mata.

Na gaji da gudu. Na aika wa mai shago da mai kemis da mai gawayi da tsohuwar da nake haya a gidanta, na ce su zo ɗakina bayan la'asar. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye kuɗinki a faranti, na gaya musu komai. Na ce ga abin da ke hannuna, ga firji, ga fanka, ga gado, su raba yadda suka ga dama.

Yaya, da kin ga abin dariya. Mai shago da mai gawayi suka kama firjin, kowa na ja, alhali ya fi shekara ba ya sanyi. Tsohuwa, wadda ta fi kowa bina, ta buga sandarta a ƙasa ta ce duk wanda ya taɓa gadon marainiya ita da shi ne. Suka saki firjin. Sannan ta juyo kaina ta ce kada in ɗauka ta yafe, ɗakin take so ƙarshen wata, in koma ƙaramin da ke kusa da rijiya.

Mai kemis kuwa da zai fita ya ja ni gefe. Ashe ranar da na ɓuya masa aiki yake son ba ni: wankin ciwo da allura, yana cire rabin ladan a bakin bashinsa. Kunya kamar in nitse.

Taki,
Auta


Yaya,

Ina gaishe ku duka, da fatan ƙafar ta saki.

Na fara aiki. Tun safe nake tsaye sai an rufe, kuma abin da ke saura ba ya kai mu ƙarshen mako. Na kunna waya. Masu rancen suna kira kamar an aiko su da ajalina. Na ce zan riƙa biya kaɗan-kaɗan, suka zage ni, amma sun karɓa. Har yanzu abinci ba ya shiga sosai, kullum lissafi nake a kai, yana ƙin fita.

Na yi tunanin maganar da kika aiko da ita ta riƙon Shalele, na juya ta, na sake juyawa. Sabon ɗakin ko katifa biyu ba ya ɗauka, makarantar nan kuma ta fita ran yarinyar. Na yarda. Direban da ya kawo wannan takarda shi zai miƙa miki Shalele. Na ce mata zango ɗaya ne, Allah ya sa ban yi mata ƙarya ba.

Kayanta na cikin jakar babanta. Maganin tarinta na aljihun gefe. Ba ta cin albasa, tana tsincewa a ɓoye, ki yi kamar ba ki gani ba. In ta ce miki ba ta kewata, kada ki yarda; ki kira ni, zan ɗauka.

Ƙanwarki,
Auta