Keken Mijin Auta da Kuɗin da Aka Ce Ba Ya Motsi

Zuwa ga ɗana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya tsare ka daga injinan da kake aiki a tsakaninsu, Ya sa albarka a guminka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har tana hawa bene ba tare da ta tsaya tana yi wa matakala faɗa ba. Na zaɓi in rubuto maka ne domin duk lokacin da na kira ka sai in ji kana sauri, maganar da ke bakina kuwa ba ta sauri ba ce. Tun da na sha wahalar koyon rubutu a ajin yamma da furfura a kaina, gara in more shi.

Na san an aiko maka da hoton ɗan da ƙanwarka Auta ta haifa, amma wallahi hoton ya cuce shi. Da ka ga yadda yake damƙe yatsana, da ka ji kukansa da ke cika ɗakin asibitin nan! Bayan shekarun da yarinyar nan ta yi tana jira, tana yin murmushi a gaban mutane tana kuka a bayan ƙofa, ga shi Allah Ya share mata hawaye. Ranar da aka miƙo mini shi sai da na nemi kujera na zauna da shi a hannuna. Mahaifiyarka tuni ta sanar da kowa cewa ta yi sabon miji, ni in tattara nawa ya nawa. Na ce mata mijin da ko haƙori ba shi da shi, mu ga yadda zai yi cefane. Har yanzu suna asibiti, domin aiki aka yi mata, likita ya ce ta ƙara hutawa.

To, ɗana, cikin wannan murna akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ka tuna lokacin da ka zo hutu, ka zauna a shagon telolin da mijin Auta ke aiki, ka nuna musu kuɗin waya ɗin nan da ka ce an ɗaure shi da dala, ba ya hawa ba ya sauka. Ka ce kowane ɗaya akwai dalarsa a ajiye a banki. Bayan tafiyarka suka mayar da adashinsu can, a wayar maigidan shagon, dattijon nan da suke kira Baba Mai Almakashi, wanda ya koya wa dukansu riƙe allura. Wannan karon mijin Auta ne zai kwasa. Da yake ya tabbata abin ba ya motsi, sai ya yi cinikin sabon keken ɗinki mai lantarki, ya sayar da tsohon kekensa ga wani tela a wata unguwa, kuɗin kuma suka tafi hidimar asibiti. Yanzu a gurbinsa cikin shago babu komai sai kujera da shatin ƙafafun keke a kan siminti.

Mai gyaran waya da ke jikin shagonsu shi ya fara kawo labarin. Na tarar da shi ya kashe fitilar teburinsa, ya zuba wa waya ido, mutum mai barkwanci amma ko gaisuwata bai amsa daidai ba. Ya ce ana raɗe-raɗin cewa dalolin da aka ce suna ajiye ba su cika ba, an ba da wasu rance, kuma mutanen duniya duk sun taso lokaci guda kowa na neman nasa. Ya nuna mini inda kuɗin ya gutsure kaɗan ƙasa da dala. Na ce ai ɗan kaɗan ne. Ya ce abin da aka yi alkawarin ba zai motsa ba, in ya motsa ko da kaɗan ne, alkawarin ya tashi. Shi sauran kuɗaɗen waya yake saye da sayarwa, ya ce su ma duk sun zube, domin da wannan ake auna farashinsu, da shi ake cinikinsu, kamar dai a wayi gari a tarar tef ɗin awon tela ya tsuke, kowace riga da aka yanka da shi ta lalace. Ban fahimci komai da komai ba, amma na fahimci fuskarsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne telolin nan sun ji, sun gani, amma suka ci gaba da taka kekunansu. A ƙa'idarsu ba a taɓa adashi kafin ranar kwasa, kuma wanda ya ce a buɗe kafin lokaci kamar ya ce bai yarda da mai riƙo ba ne. Wa zai dubi idon Baba Mai Almakashi ya faɗa masa haka? Mijin Auta ya ce mini gara ya rasa keken da ya kunyata mutumin da ya raine shi. Shi ma dattijon ashe yana kwana da abin a ransa, amma yana ganin in ya taɓa kuɗin mutane kafin rana za a ce ya ci amana. Haka suka zauna suna jin kunyar juna, waɗanda ba su san kunyar kowa ba suna can suna kwashe nasu.

Da na ga haka sai na je na sami Baba Mai Almakashi, tun da ni sa'ansa ne, kuma ba almajirinsa ba. Na ce masa ni ne na roƙa, laifin ya hau kaina. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce da ma wanda zai fara magana yake jira. Aka kira mai gyaran waya ya danna abin da ake dannawa, sai wayar ta ce an karɓi buƙatarmu, mu jira layi. Har yau muna kan layin. Kowace safiya in an duba, abin ya ƙara ja baya. Mai sayar da keken kuma ya aiko cewa akwai wani mai so, ba zai iya riƙewa har abada ba.

Ba don in ɗora maka laifi na rubuto ba, na san alheri ka nufa. Ina so ka bincika a wurin waɗanda suka sani, ka gaya mana gaskiya ko da ba daɗi, ko layin nan yana tafiya, ko mu fara neman wata hanya. In kuma kai ma ajiyarka tana can, don Allah kada ka tsaya jin nauyin kowa.

Ba mu gaya wa Auta ba. Ita a saninta sabon keke ya iso, har ta ce wa mijinta abu na farko da zai ɗinka a kansa ya zama rigar ɗansa. Jiya ya kawo rigar, fara, gwanin kyau. Ta karɓa tana dariya, ta juya cikinta waje, ta bi ɗinkin da yatsa. Matar tela ce, ta san wannan aikin allurar hannu ne, ba na keke ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa wa yaron rigar, ba ta tambayi kowa komai ba.

Ka gaishe mini da matarka, da jikata Mai Kumatu da ƙanenta, ka ce Kaka yana kewarsu. Mahaifiyarka da gwaggonka suna gaishe ku. Allah Ya raya mana yaron nan, Ya sa mahaifinsa ya koma kan kujerarsa.

Ni ne mahaifinka, mai jiran amsarka.