Hatimi na Goma

Zuwa ga mahaifina, Alhaji jagoran alhazan Waca,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, ina fatan Allah ya yalwata makwancinka, ya sa kana cikin ni'ima. Mu nan lafiya lau muke, sai dai gwiwa da ta ƙi ni, da ido da ya fara raki. Yau na girme ka da shekaru masu yawa, Baba, ka ji ikon Allah.

Abin da ya sa na ɗauko alƙalami, jikata ce mai aiki a Yamai ta zo hutu, ta wuni tana auna kamfanonin jirgin sama a wayarta: wannan ya fi tara maki, wancan ya fi saurin mayar da mutum kujerar gaba. Na ce mata, yarinya, kakan ubanki ya gama wannan awon tun muna zuwa kasuwa a amalanke. Ta yi dariya, ni kuwa sai na tuna da kai. Akwai maganar da ban taɓa yi da kai ba, gara in yi ta yanzu.

Ni ce 'yar farinka, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinka ba. In ina kusa, "ke". In ba na nan, "wance". Ƙanena Sanusi kuwa sau ashirin a yini kake kwaɗa masa kira, har maƙwabta sun gaji da ji. Kowa ya ce mini kunyar ɗan fari ce, haka iyaye suka gada. Na yarda da baki, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tun ina yarinya har na yi aure a Magarya na haifi uku, abu guda nake son sani: kunyar ce da gaske, ko dai ba ni da wuri a ranka?

Ka tuna aikinka. Kowace shekara kana tattara maniyyata daga Waca da Yekuwa da Dungas, tsofaffin da ba su taɓa wuce kasuwar Magarya ba, ka loda su a mota, ka ƙetare da su duwan, shingen kwastan na kan iyaka, ka kai su filin jirgin Kano, ka shiga tare da su. Kai ke riƙe musu fasfo, kai ke nuna musu yadda ake ɗaura igiyar kujera, kai ke lallashin mai kuka in jirgi ya ɗaga.

Kamfani biyu ne ke neman alhazanka. Mu ba mu san sunayensu ba, da launin wutsiya muke bambanta su: mai jar wutsiya da mai shuɗiya. In ka dawo, ka zauna gindin darbejiyar ƙofar gida, mutane su kewaye ka, sai awo ya tashi. Ni ina zaure ina miƙo fura, kunnena yana wajenku.

Masu jar wutsiya, ka ce, hannunsu a sake yake. Jaka, laima, ƙarin kilo na kaya, duk nan take. In an yi sa'a akwai gurbi, sai wata ma'aikaciya ta yafito ka, ta ɗaga labule, ka koma gaba inda kujera ke kwanciya, ana kawo nama a faranti na tangaran. Sau biyu suka yi maka haka. Amma fa sai ranar da suka ga dama, kuma kai kaɗai.

Masu shuɗiya kuwa ko allura ba sa bayarwa. Wani ɗan karne suka ba ka, ƙaramin littafi mai bango shuɗi, duk tafiya su buga maka hatimi guda. Ran da hatimi ya cika goma, kujera biyu ce a gaba, taka da ta wanda ka zaɓa, zuwa da dawowa. Sharaɗinsu ɗaya: ka zo biro, wato ofishinsu na Kano, da ƙafarka, da karnen a hannu, ka faɗi sunan mutumin da bakinka, akawu ya rubuta.

Abokanka duk sun ce jar wutsiya ta fi, wa ya san gawar fari balle ya jira shekara goma. Kai kuwa sai ka girgiza kai ka ce, "Mai ba ni yau ni kaɗai yake gani. Mai ba ni gobe ya san ina da iyali." Daga nan ka daina shiga jar wutsiya ɗungurungum, ko da sun zo har gida da laimarsu.

Hatimi na goma ya samu ne shekara uku bayan babban farin nan da ya ƙarar da shanu. Ka dawo da sanyi, ka nuna karnen a ƙofar gida, aka yi ta barka. Ba wanda ya tambayi wa za ka ɗauka, don kowa ya sani. Sanusi ne ya yi lakwal, makarantar boko, shi ke rubuta maka takardu, shi ne namiji. Har ya kai yadi wurin tela. Ni dai na koma Magarya na yi kwana biyu ban ci abinci ba.

Sau biyu ka shirya ka tafi Kano don ka ba da suna, sau biyu ka dawo ba ka bayar ba. Na farko ka ce layi ya yi tsawo. Na biyu ka ce akawun ba ya nan. Sanusi ya fara huci a gida yana cewa tsufa ya kama Baba. Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ta yi shiru tana kallonka.

Da ruwan shuka ya sauka zazzaɓi ya kwantar da kai. Na zo na yi jinyarka kwana shida. Ranar ƙarshe, da hantsi, ka kama hannuna ka riƙe, leɓenka yana motsi. Na sunkuya har kunnena ya taɓa gemunka. Wallahi na ɗauka lokacin ya zo. Sai ka ce, "Ke, ba ni ruwa." Kafin azahar ka cika, aka kai ka ranar Lahadi bayan la'asar, ƙasa jiƙe sharkaf.

Na yi kukan rashinka, Baba, amma ba zan ɓoye maka ba, rabin kukan na haushi ne.

Ana gobe sadakar arba'in wasiƙa ta iso daga gidan waya na Magarya, ambulan mai shuɗin baki. Sanusi ya farke ta a tsakar gida, a gaban 'yan zaman makoki, yana murmushi. Biye biyu ne a ciki, tikitin jirgi ke nan na aikin hajji mai zuwa. Ya karanta na farko, sunanka. Ya ɗaga na biyu, sai murmushin ya ɗauke. Ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce kuskure ne. Maigidana ya karɓa ya duba, ya dube ni. Rahamatu aka rubuta, da sunanka a gaba.

Sanusi ya rantse sai ya je an gyara. Ya ce a ba shi karnen. Yana cikin akwatinka na ƙarfe, a kulle tun kana kwance, mabuɗin kuma yana ɗaure a bakin zanen Inna, tana takaba, ba ta fita ko ƙofa. Aka buɗe a gabanmu. Ƙyallen da kake naɗe shi yana nan, an ninke shi tsaf, huɗu-huɗu, yadda kake ninke rawaninka. Babu komai a ciki.

Mu uku muka tafi Kano, ni da maigidana da Sanusi. Muka isa biron da rana tsaka, fanka tana juyawa, mutane na shiga suna fita. Akawun wani dattijo ne mai tabarau, ya ce shekara goma yana buga maka hatimi, ko a cikin taron Arfa zai gane ka. Da Sanusi ya fara bayanin kuskure, sai mutumin ya ja aljihun tebur ya fito da karnenka ya ajiye. Bangon ya yi laushi kamar an bar shi a raɓa.

Ya ce babu kuskure, Alhaji da kansa ya kawo shi. Ya ce ka shigo wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, cikin fararen kaya, ba hula, ba takalmi, ƙafafunka duk jiƙaƙƙiyar ƙasa, har ya yi mamaki don ranar ba a yi ruwa a Kano ba. Ya yi maka tsiya ko ɓarayi ne suka tare ka a hanya, ba ka amsa ba. Ya kawo maka ruwa, ba ka sha ba. Ka zauna a kujerar nan da nake zaune a kai, in ji shi. Ina jin haka na miƙe tsaye.

Ya ce sau biyu a baya ka zo ka zauna haka, ya ɗauki alƙalami yana jira, ka yi ta gumi kana murza carbi, daga ƙarshe ka tashi ka fita ba sallama. Wannan karon ma ya daɗe riƙe da alƙalami yana jira. Can sai ka faɗa a hankali, bai ji ba. Ya ce Alhaji a ɗaga murya. Sai ka faɗa da ƙarfi, sau uku, har mai buga tafireta ta ɗago kai. Ya tambaye ka wace ce. Ka ce, "'Yata ce ta fari." Ya ce daga nan ka yi wata dariya, irin ta wanda ya sauke kaya daga ka, ka ce kujerarka ta jikin taga a bar ta da sunanka, kada a ba kowa. Ya sunkuya ya buga hatimi, ya ɗago, ba ka nan. Da kansa ya sa aka share ƙasar da ka bari.

Maigidana ne ya yi ƙarfin halin tambayar ranar. Akawun ya buɗe littafi ya sa yatsa. Talata ce, kwana tara bayan mun binne ka.

Sanusi ya ce Baba ya rasu. Dattijon ya cire tabarau ya yi salati, ya ce yaushe, Sanusi ya gaya masa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta koma toka haka ba. Ya tura mana karnen da bakin alƙalami, ya ƙi taɓa shi da hannu.

A hanyar dawowa Sanusi ya ce tsohon ya rikita kwanan wata ne kawai. Wataƙila. Limamin Waca ya ce mu yi sadaka mu kama bakinmu, muka yi, muka kama. Amma Sanusi bai sake maganar gyara ba, kuma da hannunsa ya kawo mini yadin da ya saya. Inna kuwa da na ba ta labari ba ta razana ba ko kaɗan. Ta ce tun daga hatimin farko ta san ni ce, kai ka gaya mata, ita ma kunyar ce ta ɗaure mata baki. Haba, Baba! Ku biyu kuka zauna a kan magana guda shekara goma, ni ina can ina cin raina.

Bayan girbi na tafi. Maigidana ya sayar da bijimai biyu ya raka ni, yana can baya cikin alhazai. Ni aka ɗaga wa labule. Kujera mai faɗi, ga tawul mai ɗumi, ga nama a tangaran, duk yadda ka faɗa. Ta jikin taga babu kowa, amma igiyarta a ɗaure take tun kafin in zauna. Da ma'aikaciyar ta zo da shayi, ta miƙa hannu ta gabana ta ajiye kofi a teburin kujerar, ta ce gafara Alhaji, ta wuce abinta. Ban tambaye ta abin da ta gani ba. Ban kuma juya na duba kofin ba.

Tsoro na ji, ba zan yi ƙarya ba. Amma na matsa kusa, na karkata kunnena wajen taga, na zauna haka tun daga Kano har Jidda. Ban ci naman ba, ban runtsa ba. Na ce in ka iya faɗa wa akawu, ai ka iya faɗa mini. Babu abin da na ji sai ƙugin jirgi.

To, Baba, na samu amsata, kuma na gode. Na san yanzu ina ranka, na san abin da ya kai ka Kano sau biyu ya dawo da kai. Raina ya daina ciwo tun ranar. Sai dai har yau ina kishin wani dattijo mai tabarau da ban san sunansa ba, don shi ya ji abin da ni ban ji ba. Na so in ce ya maimaita mini yadda ka faɗa, ko ka ja ƙarshensa, ko ka datse shi gajere, kunya ta hana ni. Ka ga, ni ma 'yarka ce.

Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Inna, ya gafarta wa Sanusi da ya riga ni zuwa. Allah ya haskaka kabarinku, ya sa Aljanna ce makoma, ya kyautata namu zuwan. Roƙona guda ne. Na kusa tahowa, gwiwar nan ta gaya mini. In na iso, taro zai yi yawa, idona kuma ba ya gani sosai. Kada ka ce "ke", Baba, mata da yawa za su waiwayo. Ka kira ni da sunana, da ƙarfi, in ji da kunnena.

Wassalamu.

'Yarka ta fari,
Rahamatu