Diyyar Minista

Litinin, 6 ga Janairu

"Kaza ce fa, Khavere. Yadda kika tsaya a kaina sai a ɗauka mutum na yanka."

Baffa Shitanda ke nan da safen nan, yana gindin mangwaronsa yana sakace. Bari in rubuta abin yadda ya faru, kada nan gaba zuciyata ta yi laushi ta gyara labarin.

Ranar Asabar ina Kakamega sayo dusa, surukan ɗansa suka iso ba sanarwa. A ƙasar nan suruki ba ya barin gida bai tauna ƙashin kaza ba. Kajin gidansa suna cikin masara, sai an yi tsere da su. Nawa kuwa, da muka karɓo daga gonar ƙwai ranar da za a kai su yanka, a keji suka girma, ba su san gudun mutum ba. Hannu kawai za ka miƙa su durƙusa. Shinge ɗaya ya raba gonarsa da filin da Baba ya bar mini, inda na yi wa dabbobin nan mafaka. Ya shigo, ya tsallake bahon maganin da kowa ke tsoma takalmi a ciki, ya zaɓi mafi ƙiba. Minista.

Imali, abokiyar aikina, ta ce ta yi masa magana. Ya dube ta ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Shi ke nan.

Minista ta zo mana ba gashi, baki a datse, ƙafafu ba sa ɗaukarta. Ta daɗe tana kwana a kwali a ɗakina. Ita ce ta fara gane amfanin rana: ta kwanta a ƙasa ta shimfiɗa fiffike, har na zaci mutuwa take yi. Na sa mata sunan ne don kullum a makare take zuwa, kuma ita ke fara ci.

Na tambaye shi ko ta yi daɗi. Ya yi tunani tsakaninsa da Allah. "Gaskiya naman kajin Turawan nan lami ne. Ƙundun dai ba laifi."

Na yi masa sallama cikin ladabi. An ba ni tarbiyya.

Laraba, 8 ga Janairu

Na sa kwaɗo a ƙofa.

Ya leƙo ta shinge muna murƙushe dafaffen ƙwai da ɓawonsa muna mayar wa kajin, don yawan saka ƙwai ya tsotse musu ƙashi. "Dakta, abin da aka koya miki a jami'ar ke nan? Kaza ta ci ƙwai, mutum ya ci ganye?"

Na ce eh, darasin sata sai a ajin gaba, ban kai can ba. A zuci na faɗa. A baki na ce, "Ina kwana, Baffa."

Asabar, 11 ga Janairu

Imali ta ce in bar shi da Allah. Allah yana da ayyuka da yawa. Ni kuwa ina da lokaci.

Talata, 14 ga Janairu

Kideri ta ɓulla a ƙetaren rafi. Annobar kajin nan ta kowane rani: wuya ya murɗe, kashi ya yi kore, kafin mako gida ya yi tsit. Mai sayar da dusa ya ce a kasuwa ana ta karyar da kaji don a rabu da su, wato ana raba cutar gida-gida da rahusa.

Na aika a kawo rigakafi. Ɗigo ɗaya ne a ido. Kwalba guda ta fi ƙarfin kajina, kuma da an haɗa ta da ruwa ba ta kwana, shi ya sa duk lokacin da na yi wa nawa nake zagaya maƙwabta da ragowar. Gidan Baffa nake farawa, tunda shi ne babba.

Ina wanke hannu wannan tunanin ya zo mini, a natse, kamar baƙon da ya san hanyar gida.

Juma'a, 17 ga Janairu

Mun yi wa namu tun da sassafe. Na ɗauki kular rigakafin na fita. Gidan Makokha, gidan malamin makaranta, gidan gwauruwar bayan coci, har da mutumin da karensa ya taɓa cizona. Kowa ya samu.

Gidan Baffa na wuce ta ƙofarsa sau biyu, a hankali, don a ga kular da kyau.

Inna Atamba, matarsa, tana tsaye a bakin madafi. Tun asuba ta kulle kajinta a ciki tana jirana, ina jin kukansu daga hanya. Ta ce, "'Yata, ko kin manta da mu ne?"

Na ce, "Ya ƙare, Inna."

Ta kalli kular, ta kalle ni. "To. Allah ya kai mu wani zagayen."

Na dawo na zuba ragowar a ramin ƙona shara. Da ta ishi gidansu har a ba wani.

Na ci abinci sosai yau.

Lahadi, 19 ga Janairu

Wa'azi a kan yafiya. Baffa yana sahun gaba yana gyaɗa kai, da alama ya yafe mini.

Alhamis, 23 ga Janairu

Annobar ta iso gidan Baffa. Imali ta ce jiya uku suka mutu a gidan, yau biyar. Maƙwabtan da na ɗiga wa kuwa ko tari babu. Da jarrabawa ce da na ci maki cikakke.

Na zauna ina jira in ji abin da na daɗe ina tanadi. Na ji shi, amma kaɗan ne, kamar shayin da aka ƙara wa ruwa.

Abin da ke ɓata lissafin: da yamma na hango mai haƙa rami a bayan ayaba, kuma ba Baffa ba ne, Inna ce. Shi yana gindin mangwaro da rediyonsa. A gidajenmu kaza ta mace ce har ranar da wuƙa ta fito. Na san wannan tun ina yarinya, ba sabon ilmi ba ne. Ban ga dalilin rubuta shi ba ma.

Asabar, 25 ga Janairu

Na buɗe ƙofa da safe na tarar da jan zakaran Baffa a ƙasa, an ɗaure masa ƙafa da ɓawon ayaba, dab da ragar kajina. Baffa na tsaye da hularsa ta zuwa coci.

"Ga shi. Jini ya biya jini. Babba ba ya cewa a yi haƙuri, amma kin gane."

Diyya ke nan. Ya zaɓo abin da ya fi daraja a gidansa, daga tsakiyar annoba, ya kawo shi ya ajiye a hancin kajina. Zakaran na numfashi da baki a buɗe.

Ban san na iya ɗaga murya haka ba. Na ce ya ɗauke shi, yanzu, kada ya taɓa komai. Ya tsaya yana kallona kamar na mare shi a kasuwa. A wurinsa kyauta na mayar, kuma ba a yi wa babba haka. Ya sunkuya da kyar, gwiwarsa na ƙara, ya rungumi zakaran.

Yana juyawa ya ce, "Wannan ma ba nawa ba ne. Tsatson kazar da uwar Atamba ta ba ta ne ranar da aka kawo ta. Ita ta ce in kawo miki."

Mun wuni muna wanke ƙofar da magani.

Lahadi, 26 ga Janairu

Zakaran ya mutu. Nawa lafiya lau, zuwa yanzu. Saura goma sha wani abu a gidan Inna, da uwa ɗaya mai 'yan tsaki.

Ban je coci ba.

Litinin, 27 ga Janairu

A ɗakin Inna nake rubuta wannan, a kan gwiwata.

Sabuwar kwalba ta iso da hantsi a bayan ɗan acaɓa. Annoba a jikin shingena haɗari ce ga kajina, duk wanda ya yi karatu zai faɗi haka. Babu wani dalili bayan wannan. Waɗanda suka kamu sun kamu. Masu lafiyar za a ware su a rumbu a ɗiga musu, wataƙila a tsira da rabi, wataƙila a'a.

Matsalar ita ce duk wanda ya taɓa kajin can ba zai kusanci nawa ba sai an kwana biyu. Sai na haɗa kaya a jaka, na nuna wa Imali wadda ke ɗingishi da wadda ba ta ci sai an ware mata nata.

Ta ce, "A can za ki kwana? Gida ɗaya da shi?"

Na ce ba wurinsa zan je ba.

"Ai ban ce komai ba."

Kajin sun biyo ni har bakin raga, sun ɗauka abinci ne a kular. Na tsoma takalmi a baho, na miƙa wa Imali makullin ta saman shinge, na ja ƙofar har kwaɗon ya kama, na bi ta bayan ayaba.